Ni da Ɗana da Bunsurun Surukata

Ko da tsufa zai sa in manta hanyar gonata, ba zan manta tafiyar da na yi da ɗana zuwa Kano ba, shekarun nan da ake dalar gyaɗa, Turawa ba su kai ga tafiya ba.

Bakina ne ya jawo komai. Ranar da aka rubuta yaron a elementare, ya rungume turken jaki yana ihu, na rantse har Tudun Wada an ji. Don ya saki na ce, "Kai, tashi! Ranar da ka gama aji huɗu ni da kaina zan kai ka Kano ka ga jirgin sama a ƙasa." Na faɗa ne yadda na saba, in faɗa in wuce. Ashe yaro ya adana. Duk ƙarshen shekara sai ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, saura uku." "Baba, saura biyu." Har na soma jin tsoron gaisuwarsa.

To, ya gama, har da takarda mai hatimi. Na shirya da wani mai motar gyaɗa a Kwanar Dangora, zai kai mu ranar Talata, ya dawo da mu Alhamis da la'asar. Kuskurena ɗaya: na faɗa a ƙofar masallaci.

Wanda bai zauna ƙauyen Kiru ba bai san masifar a ji za ka birni ba. Kafin gari ya waye zaurena ya koma kasuwa. Mai unguwa ya aiko da ƙullin daddawa a kai wa 'yarsa, wai gidan mijinta na kusa da wata kuka. Wata Bafillatana ta taso tun daga gefen Falgore da ƙwaryar man shanu. Wani ya ce in duba masa ƙanensa da ya tafi ci-rani shekara bakwai, "dogo ne, baƙi, kana ganinsa za ka gane shi." Mutanen da ko gaisawa ba ma yi duk suka tuna suna da dangi a Kano. Daga ƙarshe sai ga surukata da bunsuru a igiya.

"Ka kai wa yayana. Tun da dai hanya ce."

"Inna, a wace unguwa yake?"

"A Kano mana! Ka tambaya, kowa ya san shi."

Wa ya isa ya ce wa suruka a'a? Ni dai ban isa ba. Yaro ya ɗauki fensir ya rubuta saƙonnin duka a takarda, mutane na ta cewa lallai boko ya yi rana.

Muka hau saman buhuna, ni da yaro da bunsuru. Warinsa kuwa, wani fasinja ya sauka a kwanar Bebeji ya ce gara ya ƙarasa da ƙafa.

Kwana biyu muna yawo a birni. Kuka kam mun gani, ko ɗari sun fi, kowace da gida kusa da ita. Dogaye baƙaƙen da na tare sun kai gari guda, ɗaya har ya so ya mare ni. Man shanu ya narke ya bi mini wuya. In jirgi ya wuce ta sama, yaro ya ɗaga kai ya bi shi da ido, ni kuwa in ce, "Bari mu sauke wannan tukuna."

Ranar Alhamis da hantsi muka zauna a gindin ganuwa, ƙafafuna sun kumbura. Na ce, "Kai, karanta mini abin da ya rage."

"Bunsurun Inna. Da mutumin ci-rani." Ya kai yatsa ƙasan takardar. "Sai na ƙarshe."

"Na wane ne kuma?"

"Nawa ne, Baba. Jirgi. Na sa shi a ƙarshe ne don na manya ne a gaba."

Jama'a, ku ji fa. Yaron nan shekara huɗu yana ƙirge, bai taɓa fashin makaranta ba, ga shi na mai da shi ɗan jan akuya, kuma ko sau ɗaya bai ce uffan ba. Na miƙe na ce, "Ja bunsurun nan mu tafi."

"Gidan yayan Inna?"

"Yayan Inna ya jira. Ya yi shekara sittin ba bunsuru, bai mutu ba."

Muka tsaya a bayan wayar shinge a filin jirgi, rana tsaka. Can sai ga abu ya taho da ruri, ƙasa na rawa. Bunsuru ya zube, ni na riƙe hula ina salati, yaro kuwa ya manna fuska a waya, ko ƙiftawa ba ya yi. Da ƙofa ta buɗe mutane suka fito da ƙafafunsu, ya kama hannuna, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Baba, ashe da gaske kake."

Muka dawo gida da bunsuru. Surukata ta tare mu a ƙofar gida, masu saƙo sun yi layi a bayanta.

"Wannan ba bunsuruna ba ne? Me ya dawo yi?"

Kafin in buɗe baki, sai yaro ya ce, "Inna, ai bunsurunki ya ga jirgi! Fikafikin jirgin ɗaya zai rufe garin nan har da gonaki, ruwa ba zai taɓa kowa ba. Da ya yi tari sai da hular Baba ta tafi Zariya!"

Nan take aka manta da saƙo, aka kewaye shi. Na ce a raina, wannan kam ɗana ne, ba tantama. Surukata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata, amma bunsurun ba ta yarda an sayar ba, wai ya fi rabin garin sanin duniya.

Abin da na koya ke nan: yaro ba ya rigima a kan alkawarin da ka yi masa, shi ya sa nasa ke komawa ƙarshen takarda, kai ne za ka dawo da shi sama. Sannan in za ka birni, ka sanar a ƙofar masallaci bayan ka dawo.