Ƙodar Bello ba ta da laifi

Assalamu alaikum. Wata bakwai ban ce komai a nan ba. Ina Alƙahira, ina raye, kuma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya.

Bayan shekara biyu ina wankin ƙoda, ƙanena Bello ya bar gonarsa ta shinkafa a Diggi ya biyo ni, aka cire tasa guda aka dasa mini. Da ya warke ya koma gida.

Wata na uku da dashen, fitsarina ya ragu. Ƙafa ta kumbura, zazzaɓi, wurin ɗinki yana zafi. Aka ɗebi jini, aka soka allura aka ciro ɗan naman ƙodar. Likita ta ce jikina yana ƙin ta.

Na ji tsoro. Ba mutuwa kaɗai ba, a ce an yanka Bello a banza.

Kafin a sa mini ƙarin ruwa na biyu labari ya zaga can gida Gwandu: wai ƙodar ta ƙi zama ne don Bello bai bayar da zuciya ɗaya ba. Ya kira ni a waya, ya ce: "Yaya, mi ni yi? Wallahi ban yi ƙyashi ba." Ya daina zama majalisa.

Na sa tafinta ya tambayi likita. Ta ce: "Masu tsaron jiki iri biyu ne. Wasu duka suke kaiwa ba tambaya. Wasu, ƙwayoyin T, sai sun tantance baƙo tukuna, su ne maganinka ke riƙewa. Amma wani lokaci waɗannan sukan ɗauki halin na farkon, su faɗa wa ƙoda, magani bai cika kama su ba. Mu ma ba mu gama gane abin ba. Daga jikinka ne, ba daga ɗan'uwanka ba."

Aka canza magani. Kwana goma sha ɗaya a kwance, amai, rawar ɗari, gwaji kowace safiya. Sannu a hankali ƙodar ta kama aiki. Alhamdu lillahi.

Masu maganar, na san ku. Wasunku sun yi mini addu'a da gaske, ban manta ba, na kuma yafe nawa. Na Bello sai ku taka ku same shi.

Na gode wa likitoci da duk wanda ya taimaka. Mai dashe, kada ka tsallake magani ko sau ɗaya. Fitsari ya ragu, tafi asibiti ranar.

In kuma za ku gaida mara lafiya, ku gaida wanda aka yanka dominsa.