Mansur, Abokin Auta

Da safen nan ina shanya kayan jikoki, 'yata Hadiza ta kira ni daga asibitin da take aiki. Ta ce Mansur ya rasu. Hatsarin mota, a hanyar Umm Salal, bayan garin Doha.

Na ce to. Na ƙarasa shanyar. Har yanzu ban yi kuka ba.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Ga wanda bai san shi ba, Mansur direba ne, mutumin Gusau. Ɗakinsu ɗaya da autana a Bin Omran tun zuwansu Doha. Auta gadi yake yi. Ni ina Aziziya wurin Hadiza, ina riƙe mata yara.

Wannan rubutun ma albarkacinsa ne. Da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, da ƙyar nake haɗa baƙi. Shi ya zaunar da ni gaban kwamfutar Hadiza, ya buɗe min shafin nan. In na yi kuskure sai ya ce, "Mama, goge kawai, ba wanda zai doke ki."

Duk Juma'a tare suke zuwa cin tuwo, kwano ɗaya. Mansur yana ba mu labari, hannunsa yana tura nama gefen Auta, ko kallonsa ba ya yi. Shi ke tuna min in rage yaji saboda cikin Auta. Ni da na haife shi.

Mansur mai jama'a ne, wayarsa ba ta hutawa. Duk kiran da ya shigo, sai in ga hannun Auta ya tsaya a kwano har a gama.

Wata rana Hadiza ta ce akwai wata nas, ƙawarta, da ke tambayar Mansur. Ya ce, "Yaya, rufa min asiri, ni da ke gudun allura." Muka yi dariya. Auta ya wanke hannu ya ce yana da duti. Ranar hutunsa ce.

Na bi shi bakin ƙofa. Ya ce, "Mama, mutum kamar Mansur, me zai daɗe yana yi da mai gadi?"

Na ce abokin kirki ba ya duba wannan. Ya kalle ni kamar zai ƙara magana, sai ya sunkuya ya sa takalmi.

Ban tambaye shi komai ba, ranar ko bayanta. Ina da ido. Na dai riƙa jin tsoron bakin mutane a ƙasar da ba tamu ba, ina yi musu addu'a su biyun.

Juma'ar da ta wuce Mansur ya zo shi kaɗai, bai ko zauna ba. Ya ce an haɗa shi aiki da wani sabon direba, suna kai ma'aikata gonaki, kuma tun lokacin Auta ya daina yi masa magana.

"Ɗaki ɗaya, Mama, amma sai dai in ji tarinsa."

Ya sa na zuba tuwo a kula. "Zan ce ke kika aiko. In ya san ni na roƙa, ba zai ci ba."

A bakin ƙofa ya juyo. "Ki gaya masa babu kowa. Khalas, shi ke nan. Zai gane."

Na kira Auta na gaya masa. Ya ce, "Bari sai Juma'a. Zan yi masa magana a gidanki."

Yau Laraba.

Ɗazu na sami Auta a waya. Gidan nasu ya cika, ana ta kiran Gusau ana yi wa yayyen Mansur gaisuwa, wasu sun tafi wurin kafil, ubangidansa na aiki, kan maganar gawa. Duk wanda ya leƙa ɗakin sai ya ce, "Kai ne ɗan ɗakinsa? Haɗa mana kayansa." Na tambaye shi ko wani ya yi masa gaisuwa. Ya ce, "Ni wa? Ai gaisuwa ta dangi ce."

Can ya ce, "Mama, na kasa gane wace riga ce tawa."

Muryarsa lafiya ƙalau. Ita ke ba ni tsoro.

Allah Ka jiƙan Mansur, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa. Kai Ka san abin da ke cikin zukata, mu ba mu sani ba. Ka ba iyayensa haƙuri. Ka riƙe min Auta.

Duk wanda ya karanta, ya sa Mansur a addu'a. Ku kuma da ke Doha, ina roƙonku abu ɗaya. In kun je Bin Omran, ku shiga ɗakin, ku zauna, ku ba ɗana hannu ku ce masa ya haƙuri, yadda ake ce wa wanda aka yi wa rasuwa.

Kada ku tambaye shi komai.