Turmin Inna Kulu

Duk lokacin da ɗayanku, ɗalibaina, ya tambaye ni wane fanni zai yi a digiri na biyu, ranar da nake tunawa ita ce wata Talata a asibitin Anka, shekarar da gubar dalma ta rinƙa kashe yara a ƙauyukan masu haƙar zinare. Lokacin ina ƙaramin injiniya, takardar gurbin karatun gina gada na cikin jakata, ina ta ɗagawa da ita.

Aikinmu shi ne share gidaje. Mu kankare ƙasar da garin dutsen zinare ya gurɓata, mu zuba sabuwa, mu kwashe turamen da aka daka dutsen a ciki, in ɗora na'urar awo a kowace kusurwa, sannan in sa hannu cewa gida ya tsarkaka. Sai da wannan sa hannun likitoci ke mayar da yaro gida, don magani ba ya amfani idan yaro zai koma cikin gubar.

Ran nan Likita Hajara, mai kula da ɗakin yara, ta aiko a kira ni. Ta ajiye takarda a gabana. "Injiniya, wannan hannun waye?"

Na ce nawa ne.

"To Saratu ta dawo. Mun sallame ta da sauƙi, ga ta tana jijjiga. Ko na'urarka ta yi ƙarya, ko kai."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don Saratu 'yar shekara uku ce, kuma ni na auna gidansu a wani ƙauye can wajen Bukkuyum. Na hau babur ina shirya amsar da zan ba likita. Na sake auna tsakar gida, madafa, bakin rijiya, komai lafiya lau. Sai idona ya kai ga ɗakin kakar yarinyar, Inna Kulu. Nan na tuna. Ranar da muka yi aikin tana cikin takaba, na ji nauyin shiga, na tsaya a bakin ƙofa na gaishe ta, na cike takarda na wuce.

Na yi sallama, ta ce, "Shigo ɗana, takaba ta ƙare." A bayan gado na ga wani tsohon turmi an rufe shi da faifai. Na ɗora na'ura a cikinsa, lambar da ta fito ta wuce duk wadda na taɓa gani a ƙauyen.

"Inna, an daka dutse cikin wannan?"

"Awo, samarin gida sun daka. Amma sau bakwai na wanke shi, guda da ƙasa, yadda aka wankin najasa. Na innata ne, shi ya sa ban bari kunka ɗauka ba. Da yarinyag ga ta dawo ta rame, ni da kaina nika daka mata gero ciki, ta samu ƙarhi."

Na dai gaya mata a hankali cewa dalma ta shige cikin icen, ruwa ba ya fitar da ita. Ta kalli hannuwanta. Sannan ta ce, "Ashe ni ce." Na ce a'a, Inna, ni ne ban shigo ba. Ta ce in ɗauke shi, amma kada a ƙone shi a gabanta.

Da na faɗa wa Likita Hajara, ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan. Cewa ta yi, "Ka san ƙasa, ban san ta ba. Na san jini, ba ka san shi ba. Likitanci yanzu yana neman wanda ya san biyun. Masu gina gada ba su yi mana kaɗan ba." Shekarar da ta biyo na canza zuwa injiniyancin lafiyar muhalli, na zauna aji ɗaya da masu ilimin jini ina ta raba ido.

Ba zan zaɓa muku fanni ba. Abin da na koya shi ne na'ura ba ta auna inda mai riƙe da ita bai shiga ba, kuma mutanenmu ba sa ɓoye abu don mugunta, sai don suna son sa.

Saratu ta rayu. Ta zama budurwa yanzu, amma sai an kira sunanta sau biyu ko uku take waiwayowa. Takardar da na sa wa hannu tana nan cikin aljihun teburina.