Kada Kowa Ya Ɗora Wa Lyall Dutse

Ranar Alhamis, tara ga watan Janairu, ana tsakiyar bazarar ƙasarmu, Allah ya karɓi ran yayana Lyall Febey a kan doron Dutsen Harrick, can yammacin tsibirin Tasmaniya. Labarin da ya zaga gari shi ne wai wani dattijo ya zame cikin hazo. Ni ina wurin. Na san idan kwana ya ƙare ya ƙare, ba na ja da Ubangiji. Da mutane nake ja. Yaya, kai ba zamewa ka yi ba. Hanyar ƙarya aka shimfiɗa maka, ka bi ta da zuciya ɗaya.

Duk wanda ya taɓa hawan dutse tare da kai ya san jakarka ta fi ta kowa nauyi, kuma rabin abin da ke cikinta ba naka ba ne. Filas biyu na shayi kake ɗauka, ɗaya namu, ɗaya na wanda za a tarar a hanya yana rawar sanyi. Akwai safa ta baƙo, akwai gishirin cire matsattsaku daga ƙafar mai raki. Ban manta matar nan da muka tsinta a bakin rafi ba, idon sawunta ya kumbura, abokan tafiyarta sun yi gaba. Ka goya ta har bakin titi, kana zuba mata labaran ƙarya na yadda ka taɓa kokawa da maciji don ta daina kuka. Da ta tambayi sunanka don ta aiko da godiya, sai ka ba ta sunan maƙwabcinka. Har yau mutumin bai san dalilin da ya sa aka aiko masa da kwalin alewa ba.

Amma kana da faɗa, ba zan ɓoye ba don ka mutu. Kuma faɗanka kusan duk a kan abu ɗaya ne, tsibin duwatsu. Kai ka koya mini tun ina yarinya cewa a saman dutse, inda itatuwa suka ƙare kuma babu sawun ƙafa, ɗan tsibin nan magana ce. Wani ne da ya riga ka wucewa yake ce maka, ta nan na bi, kuma na isa gida. Shi ya sa ba a tara shi sai a kan hanya, kuma sai inda mai tsayawa a na baya zai iya hango shi. Da aka fara yayin jera duwatsu don ɗaukar hoto, sai ka zama abin tsoro a duwatsun jihar nan. Na tuna wani saurayi da budurwarsa sun gama gina nasu a gefen tafki, ka zo ka sa takalmi ka watsar.

"Haba baba, me ya yi zafi? Ado ne fa!" in ji saurayin.

Ka ce, "Ado? Je ka yi wa falon gidanku ado. Nan mutane ke karantawa da ransu."

Na ji kunya a ranar, har na ba su haƙuri. Yau da zan gan su, ni zan ƙarasa abin da ka fara.

Kowace bazara mukan loda tsohuwar motarka, kai da matarka Glenys da ni, mu nausa yamma muna kwana inda yamma ta yi mana. Bana Harrick ka sa a gaba, dutsen da ka daɗe kana zancensa ba ka taɓa hawa ba. Shirin shi ne ni da kai mu hau ta kudu, mu bi doron har ƙololuwa, mu sauka ta arewa inda Glenys za ta zagaya da mota ta jira mu. Mun isa ƙololuwa rana na haskawa, tafkuna a ƙasa kamar an zubar da madubai. Ka ci biredinka da cuku, ka ce mini, "Coralie, auta, kin tsufa, hakinki har birnin Hobart ana ji." Ban rama ba, na ce sai mun sauka.

Muna fara gangarowa gajimare ya taso daga teku ya rufe mu, kamar yadda ya saba a can. Ba mu tsorata ba, mun san abin yi. Ɗaya ya tsaya a tsibin ƙarshe ya dafa shi, ɗaya ya yi gaba ya nemo na gaba, ya kira. Haka muka yi ta yi muna karɓa-karɓa. Da muka zo inda doron ya rabu biyu, layinka ne. Na dafa tsibin, ka shige cikin farin hazo. Can na ji muryarka da fara'a: "Ga shi nan! Kai, ga wani ma. Tsaya tukuna in tabbatar." Daga nan sai ƙarar duwatsu suna gangarawa. Na kira ka har muryata ta dushe. Na danna na'urar neman ceto, na zauna, hannuna bai bar tsibin ba, domin haka ka koya mini.

Da la'asar gajimaren ya yaye, sai na gani. Hanyar gaskiya ta yi dama. Ta hagu kuwa, a kan wani harshen dutse da ke leƙa tafki, an jera tsibi-tsibi masu kyau, ɗaya bayan ɗaya, har bakin inda ƙasa ta yanke. A kan na ƙarshe an soke ɗan fure, ya bushe.

Ku da kuka jera su, ban san sunanku ba, ban san garinku ba. Na san dai kun sha wahalar hawa, kun zaɓi duwatsu masu faɗi, kun yi dariya, kun ɗauki hotonku kun tafi. Wataƙila hoton yana wayarku har yanzu. Ina so ku sani mutumin da ya fi kowa girmama wannan alama shi ta kashe, kuma don ya girmama ta ne ta kashe shi. Da sakarai ne wanda ba ya duba tsibi, da yanzu yana gida yana shan shayi. An ce in yafe muku. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, amma yau ba ni da shi, kuma ba zan yi ƙarya a ta'aziyyar yayana ba.

Yaya, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ma bai kai wannan nisa ba. A wurin shan shayi bayan jana'iza, shugaban ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, Rodney Pybus, ya buga cokali a kofi ya yi sanarwa. Wai ranar Asabar mai zuwa kowa zai ɗauki dutse ɗaya a jakarsa, a hau Harrick, a gina maka babban tsibi na tunawa daidai inda ka faɗi. Aka yi tafi. Wasu har da share hawaye.

Na ce, "Rodney, a bakin ramin?"

Ya ce, "Coralie, yi haƙuri, kina cikin zafi. Karramawa ce."

Karramawa! Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna shan shayin filas ɗinka, ashe ba su ji ko kalma ɗaya daga abin da kake faɗa ba. Suna so su kafa tsibi mafi girma a dutsen, wanda za a fi hangowa cikin hazo, a wurin da ba hanya, su sa masa sunanka. Wata rana wata za ta dafa tsibin ƙarshe tana jira, nata yayan ya yi gaba, ya hango naka ya kira ta da murna. Wallahi ba da sunan Lyall Febey ba, muddin ina numfashi.

Glenys, ke da kika dafa ruwan shayi a bakin titi kina duban hanya, ban da abin da zan ce miki sai Allah ya ba ki haƙuri, ya riƙa miki. Tamsin, 'yar yayana, ubanki bai mutu da wauta ba, kada ki bari kowa ya gaya miki haka. Ina miƙa ta'aziyya ga dangin Febey duka, da 'yan ƙungiya, har da Rodney, don na san son Lyall ne ya rufe masa ido.

Yaya, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka da zafin bakinka, ya saka maka da kowane kofin shayi da ka miƙa wa baƙo, ya sa ka huta. Ranar Asabar ni ma zan hau tare da su. Jakata ba dutse a ciki. Takalmanka masu nauyi Glenys ta ba ni, na cusa musu safa biyu sun zauna. Mai furen zan fara watsarwa.