Hula a Hannun Birki

Maigidana ya daɗe yana shiga ƙarƙashin tarago a Zariya kafin mu zo Makka, ko farce bai taɓa rasawa ba. A can, in mutum zai shiga ƙasa, sai ya rataya hularsa a hannun birki. Duk wanda ya ga hula ya san akwai rai a ƙarƙashi.

Lokacin da ake shimfiɗa layin dogo ta Rusaifa, wani ɗan kwangila ya ɗauke shi aiki, ya zama kafilinsa, wato mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar. Mutumin yana da taragonsa na kansa, inda yake shan gahawa da baƙi. Wutar taragon daga janareta take, a ɗaure a ƙasa, bel ya haɗa shi da gatari. Ƙafa ta juya, wuta ta kawo. Aikin Malam, maigidan nawa, ya duba bel, ya sa giris, ya ɗaure kusoshi. Suka ba shi jan kwaɗo, suka ce ya riƙa kulle birki kafin ya shiga. Ya kawo kwaɗon gida, unguwar Tandabawi, ya sa a ƙofar bayinmu. Na yi magana har na gaji. Ya ce hularsa ta girmi kwaɗon.

Wata rana bayan azahar mudirin wurin, wato manaja, ya ga hula a birki, ya zaci wani ya manta ta garin alwala. Ya ɗauke, ya ninke, ya ce a ja tarago. Bel ya cinye wa Malam yatsu huɗu na dama.

Kwana uku ina asibiti ban ce masa sannu ba, don haushi. A na huɗu wakilin kafili ya zo da takarda da tafinta. Tambaya ɗaya ce: an ba shi kwaɗo ko ba a ba shi ba? In ba a ba shi ba, laifin nasu ne, iƙamarsa, takardar izinin zama, tana nan. Malam ya ce bai taɓa ganin wani kwaɗo ba. Sai tafinta ya juyo gare ni.

Malam ya ce a hankali, "Hajiya, dubi hannuna."

Na duba. Na ce, "Kwaɗon yana gida, yana gadin masai."

Tafinta ya ƙunshe dariya, ya faɗa da Larabci. Da babban yatsan da ya rage wa Malam suka sa ya dangwala. Kafin wata ya ƙare an buga masa fita ba dawowa. Ni kafilina daban ne, ina girki a wani gida a unguwar Shisha, ban bi shi ba. Bai ma ce in biyo ba.

Mudirin ya aiko da hular a leda, a wanke, an goge ta. Ban aika masa ita Zariya ba.

Sai da na yi furfura na shiga ajin manya. Takarda ta farko da na karanta da kaina kwafin waccan ta asibiti ce. Maganata tana layi na shida, ba su rage ko masai ba.