Sunan Kallamu a Bakin Rijiya

Amsa ta tashi da asuba, ta yi salla, ta surfa gero, sannan ta ɗauki tulu ta nufi rijiya. A wani ƙauye ne kusa da Tsanyawa, shekaru bayan jihadi. Da ta isa sai ta koma gefe ta zauna, kamar yadda ta saba tun tana yarinya, har sauran mata suka gama ɗiba. Bazara ce, ruwa ya ja baya. Abin da guganta ya fito da shi rabinsa taɓo ne.

Al'adar garin ita ce, ranar yasar rijiya mai unguwa yakan ba da labarin yadda aka haƙa ta, yana ambaton gidajen da suka sa hannu. Gidajen da aka ambata su ke fara ɗiban ruwa. Mahaifin Amsa, Kallamu, Babarbare ne mahaƙin rijiya, kuma a cikin wannan rijiyar ƙasa ta rufta masa. Amma a labarin "wani baƙo" ake ce da shi. Mutum ya ba da ransa, a hana shi ko da suna, a kuma shayar da 'yarsa taɓo!

Ran nan ne ake yasa. Da hantsi jama'a suka taru, mai unguwa Sabo ya fara. Da ya kai ga "wani baƙo", sai Amsa ta dire tulunta a gabansa.

"Ranka ya daɗe, baƙon nan ba shi da suna ne?"

"Ke Amsa, haka muka gaji labarin."

"Taɓon ma gadonsa na yi? Ka leƙa ka gani."

Wani daga baya ya ce, "Barebari dai akwai baki!"

"Akwai hannu ma," in ji ta. "Da ruwan da ya haƙo kake alwala."

Tsohuwa Asiya, wadda gidansu ke fara ɗiba, ta miƙe da sandarta. "Sabo, ni na kai wa uwarta tuwo ranar da aka tono shi. Kallamu ne, kai ma ka sani. Amsa, daga yau ki riƙa ɗiba a wurina."

"Na gode, Inna, amma ba aron wuri na zo yi ba. So nake mai unguwa ya faɗa kowa ya ji."

Sabo ya dubi dattawa, babu wanda ya ɗago kai. Ya koma farkon labarin. Da ya zo wurin, ya ce a hankali, "da Kallamu."

"Ban ji ba."

"Da Kallamu, Allah ya jiƙansa."

Jama'a suka ce amin. Babu wanda ya ba ta haƙuri, ita ma ba ta jira ba.

Da la'asar, bayan an gama yasa ruwa ya kwanta, ta shiga cikin matan gari ta zura guganta. Ta cika tulu, ta kai gida, ta kwarar da taɓon da ya taru a gindin randa, ta wanke ta tas, ta juye.