Ƙafata Lamba Arba'in da Shida

A shekarar da aka mayar da hutun mako Asabar da Lahadi a Dubai na faɗa soyayya, da furfurata da komai. Matata ta daɗe da rasuwa. Aikin sito nake yi a Jebel Ali, ranar Lahadi da safe kuma in tafi ajin koyon karatu na manya a Karama. Da an tashi sai in wuce Al Rigga, gidan abincin da Hausawa ke cin tuwo. A nan na haɗu da ita, bazawara 'yar Maraɗi mai sarin takalma tana aikawa gida ta jirgin kaya. Kwali na ɗaukar mata zuwa bakin titi, ta ce sannu, ni kuwa na yini ina murmushi ni kaɗai.

Sai dai ina da ƙafa. Tun ina yaro ake ce mata faranti, kuma ba a taɓa musanya min takalmi a masallaci ba. In na zauna gabanta sai in tura ƙafafun can ƙarƙashin kujera.

Ran nan muna cin abinci ta ce, "Malam, lamba nawa kake sawa?"

Arba'in da shida nake sawa. Bakina ya ce, "Arba'in da uku, Hajiya."

Ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta ɗago. "Bon," in ji ta, wato "to" da Faransanci.

Lahadin da ta biyo baya ta kawo min takalmin fata ruwan ƙasa, yana sheƙi. A jirgin ƙasa na komawa gida na yi ta buɗe kwalin ina shinshinawa, har na gaisa da mutanen da ban sani ba.

A ɗaki aka yi ta. Wanda muke ɗaki ɗaya da shi, wani Kirista ɗan Jos mai gyaran lantarki, shi ya kawo cokali da man shafawa don a cusa ƙafar. Yana dannawa ina salati.

"Ango, wannan ai lodin kwantena ne," in ji shi. "Ka gaya mata gaskiya mana."

Ina zan iya? Ta taɓa faɗa min ƙarya ce ta kashe aurenta na fari. Tambaya ɗaya ta yi min, na zuba mata ƙarya. In na faɗa, ina ganin shi ke nan na rasa ta.

Haka na riƙa zuwa da takalmin a leda, sai na sauka a tasha in saka. Ina tafe kusa da ita kamar mai taka ƙaya, zuciyata kuwa fari ƙal. In muka tsaya la'asar na cire shi a ƙofar masallaci, sai in yi ta jan carbi don ƙafar ta sha iska. Ta ce ba ta taɓa ganin mai lazimi irina ba.

Lahadi ta bakwai ta ce mu taka daga Al Rigga zuwa bakin ruwa. Ban kai rabi ba. A gaban wani shagon canji na zauna daɓas a gefen titi, na fizge takalmin. Safa ta jiƙe da jini.

"Hajiya, arba'in da shida nake sawa. Ƙarya na yi miki. Kunyar ƙafar nake ji."

Na sunkuyar da kai ina jiran ta juya ta tafi. Sai na ji dariya. Ta yi ta yi har sai da ta dafa ƙarfen fitila.

"Malam, sana'ata ce fa! Tun ranar da ka ɗaukar min kwali na san lambarka."

"To me ya sa kika kawo min wannan?"

"Abin da ka ce shi na ba ka. Na ce a raina mako biyu zai yi ya ji tausayin kansa, sai ga ka a na bakwai. Wallahi har na fara tsorata. Mutumin da zai yi wa ƙafarsa haka ya yi shiru, in ya kwanta ciwo a gidana ai sai dai in tarar da gawa." Ta nuna min shagon da ke tsallake. "Yalla, shiga ka saya da bakinka. Ni ba na shiga."

Na tsallaka titi da safa. Ban taɓa faɗin lambar nan da ƙarfi ba sai ranar, har mai shagon ya zabura ya ɗauko tsani. Na zaɓi wanda ni nake so, baƙi mai faɗin baki, na fito ina buga shi a ƙasa kamar soja. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce bayan bikin salla in tura manyana Maraɗi. A jirgin komawa na miƙe ƙafafuna har tsakiya, masu wucewa suna tsallake su ina ba su haƙuri ina dariya.

Abin da na rasa ga shi: farcen babban yatsa biyu, safa uku, cokali ɗaya da ya lanƙwashe, da hirar Lahadi shida da ban ji ko rabinta ba.